Sauro, Damina da Hanyar Sabuwa

A watan Oktoban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta miƙa wa Masar takardar shaidar rabuwa da zazzaɓin cizon sauro. Cutar ta daɗe a bakin kogin Nilu, har masana sun gano burbushinta a gawar Fir'auna Tutankamun, wanda ya mutu fiye da shekara dubu uku da suka wuce. Kafin Masar, Aljeriya ta karɓi irin wannan takarda a 2019, sai ƙasar Sin a 2021, ita da a shekarun 1940 take samun masu kamuwa kimanin miliyan 30 a shekara. Sharaɗin samun takardar shi ne ƙasa ta yi shekara uku a jere ba a sami ko mutum ɗaya da sauron cikinta ya sa wa cutar ba.

Wata biyu bayan bikin Masar hukumar ta fitar da ƙididdigar shekarar 2023: mutum miliyan 263 sun kamu a duniya, 597,000 sun rasu. Cikin kowane huɗu da suka kamu ɗaya ɗan Nijeriya ne, cikin kowane goma da suka rasu uku namu ne, galibinsu kuma yara ne da ba su cika shekara biyar ba.

Ni mutumin Sabuwa ne, a kudancin Jihar Katsina, daf da iyakar Kaduna ta ɓangaren Birnin Gwari. Duk lokacin da na karanta cewa wata ƙasa ta rabu da wannan cuta, tambayar da ke zo mini ita ce: mu fa? Abin da ya yiwu a Alƙahira zai yiwu a ƙauyukan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara? Amsar da na tsaya a kanta gida biyu ce. Kawar da ƙwayar cutar daga ƙasarmu tafiya ce mai nisa. Hana ta kashe 'ya'yanmu kuwa abu ne da kayan aikinsa ke hannu tun yanzu, kuma abin da ya fi tare shi a yankinmu shi ne hanya.

Abin da muke kira masassarar damina

Sa'ad da nake yaro ba a cika ɗora wa sauro laifi ba. Masassara takan zo ne lokacin da masara ta fara nuna, don haka sai a ce ɗanyar masara ce, ko ruwan sama ne ya doki yaro, ko rana ce. In jiki ya yi zafi har yaro ya shiga jijjiga, idanu suka kafe, sai zance ya koma kan iska, a nemi turare da rubutu. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta haifi tara, huɗu suka girma. Ba ta taɓa faɗar wannan lissafi da kuka ba. Tana faɗarsa ne kamar yadda manomi ke faɗar yawan dammunan da ya samu a shekarar fari. Harshenmu ma ya tanadar wa abin suna. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa a jere ana cewa tana wabi, wanda ya biyo baya kuma a laƙaba masa Ajuji ko Ayashe ko Barau, wai ko mutuwa za ta raina shi ta ƙyale shi. Ba zazzaɓi kaɗai ke kawo wabi ba, akwai ƙyanda da gudawa da amosanin jini, amma kasonsa ba ƙarami ba ne.

Shi kansa amosanin jinin shaida ne na daɗewar zamanmu da sauro. Tun a 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gaji rabin jinin sikila daga mahaifi ɗaya yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Shi ya sa wannan gado ya yaɗu a inda cutar ta yi kaka-gida, har kimanin ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya ke ɗauke da shi. Ke nan gwajin jinin da ake matsa wa masu neman aure su yi a yau, ragowar yaƙin da kakanninmu suka yi ne da sauro ba tare da sun san sunan abokin gaba ba.

An samu sauyi, kuma adalci ne a faɗe shi. Binciken ƙasa na 2010 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 42 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Na 2021 ya samu kashi 22. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2023 an kauce wa mutuwar mutum miliyan 12.7. Sai dai kashi 22 ɗin nan matsakaici ne da ke ɓoye bambanci mai girma: a Legas bai kai kashi 5 ba, a Kebbi kashi 49 ne.

Darasin Garki

Mai son sanin dalilin da ya sa cutar ta fi taurin kai a wajenmu sai ya fara da sauron kansa. Ba kowane sauro ke ɗauke da ita ba. Wanda ke ƙyanƙyasa a ruwan kwata mai wari, ya dame ka da kuka a kunne, galibi wani jinsi ne daban. Mai ɗauke da zazzaɓi ita ce macen sauron Anofilis, kuma nau'in da ke ƙasarmu ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka: sawun kofaton shanu, ramin tayar mota, gefen kududdufin da aka haƙa don tubali, fadamar shinkafa. Yana son jinin mutum fiye da na dabba, yana cizo cikin dare. In ya sha jinin mai cutar, ƙwayar tana bukatar kwana goma zuwa goma sha huɗu a cikinsa kafin ta iya shiga wani. Tsohon sauro ke nan shi ne haɗari, kuma duk dabarar feshi da gidan sauro mai magani ita ce a kashe shi kafin ya tsufa.

Sai kuma mu manya. Wanda ya girma a Sabuwa ya sha cizo har jikinsa ya saba, yana iya yawo da ƙwayar a jininsa ba ko ciwon kai. A cikin irin wannan jini take yin rani, ta jira ruwan farko ya sauka, sabon sauro ya ɗauke ta ya kai wa jariri.

Duniya ta taɓa ɗaura ɗamarar kawar da cutar. A 1955 aka ƙaddamar da gangamin feshin DDT, aka yi nasara a kudancin Turai da wasu sassan Asiya, amma aka tsallake mafi yawan Afirka, aka kuma jingine shirin a 1969. Gwaje-gwajen da aka yi don a gano ko za a iya a Afirka, da dama a ƙasar Hausa aka yi su. A yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, aka fara feshi a 1954, ba a jima ba aka ga sauron ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan. A Kankiya, nan Katsina, a ƙarshen shekarun 1960, aka haɗa feshi da raba wa kowa ƙwaya. Da damina ta kankama cutar ta dawo.

Mafi girma shi ne na Garki, wanda a lokacin ke Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka zauna a ƙauyukan yankin suna ƙirga sauro, suna duba jini gida-gida. Sun tarar a wani ƙauyen mutum guda yana shan cizo mai ɗauke da cuta har sau 145 a shekara. A daminar 1972 da ta 1973 suka fesa ɗakuna da magani mai ƙarfi, suka riƙa ba kowa ƙwaya, a wasu ƙauyukan duk bayan mako biyu. Cutar ta yi ƙasa warwas, mutuwar jarirai ta ragu. Amma sarƙar ba ta tsinke ba, domin wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita, feshi bai same shi ba. Da aka dakatar da aikin sai abin ya koma gidan jiya.

Rahoton Garki, wanda aka buga a 1980, har yau ana karanta shi a makarantun kiwon lafiya na duniya. Wasu sun ɗauke shi hujjar yanke ƙauna. Ni abin da na karanta a cikinsa shi ne cewa a irin ƙasarmu ba a kayar da wannan cuta da naushi ɗaya, amma muddin ana aikin, yara suna rayuwa. Noma ne: ciyawa ba ta ƙarewa don an yi noman fari, sai an koma maimai, baɗi kuma a sake.

Kayan aikin da Garki ba ta da su

A watan Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin rage mace-macen cutar da rabi, kuma ranar taron, 25 ga Afrilu, ita ce ta zama ranar tunawa da ita. Bayan nan kuɗi suka shigo, kayan aiki suka sauya. Gidan sauro mai magani ya shiga gidaje kyauta. Wani babban nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa kashi 68 cikin ɗari na raguwar kamuwa da aka samu a Afirka tun 2000 daga gare shi ne. Klorokwin da ya daina aiki ya ba da wuri ga magungunan atimisinin, sinadarin da Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka fitar a farkon shekarun 1970 daga wani ganye ɗan uwan tazargade, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Gwajin ɗigon jini daga yatsa ya sa cikin minti ashirin ana iya bambance zazzaɓin sauro da waninsa. Ga yaron da ya galabaita, allurar atesunet ta maye gurbin kwinin bayan wani gwaji na 2010 ya nuna ta rage mutuwa da fiye da kashi ɗaya cikin biyar.

Wanda ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne maganin rigakafin damina. Tunda a yankin Sahel mafi yawan zazzaɓi yana zuwa ne cikin wata huɗu, sai aka ce me zai hana a ba kowane yaro daga wata uku zuwa shekara biyar magani kowane wata a wannan tsakanin, ko yana ciwo ko ba ya yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, bayan gwaji ya nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin yara a lokacin. Katsina na cikin wuraren da aka fara shi a Nijeriya, a 2013, a wasu ƙananan hukumomin arewacin jihar, tare da ƙungiyar Malaria Consortium. Yau miliyoyin yara ke shansa daga Senegal zuwa Chadi.

Ƙanwata tana cikin matan da ke rabon. Daga Yuli zuwa Oktoba, kwana huɗu a kowane wata, takan saka hijabi ta rataya jaka, ita da abokiyar aikinta su bi gida-gida. Mata ake ɗauka domin su ne ke wuce zaure su shiga inda namiji ba ya shiga. Ta narka ƙwaya a cokali ta ba yaro a gabanta, ta ɗan jira ko zai amayar, ta bar wa uwa na kwana na biyu da na uku, ta cika kati, ta yi alama da alli a ƙofar gida. Na taɓa tambayarta abin da ya fi ba ta wahala. Ta ce, “Yaya, ba gardamar mutane ba ce, yanzu iyaye su ke tare mu a hanya suna tambayar yaushe za mu zo. Wahalar ita ce ƙwayar kwana na biyu da na uku. Uwa za ta ga yaro lafiya lau, sai ta ajiye ta ce sai ranar da ya kwanta.” Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, “Sai kuma garuruwan da ba ma iya zuwa.”

Allurar rigakafi ita ce sabuwar shigowa. An amince da ta farko a 2021, ta biyu, R21, wadda Jami'ar Okisfod ta haɗa ake kuma sarrafa ta a Indiya, a 2023. A gwajin da aka yi a Gana da Kenya da Malawi mutuwar yara ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Nijeriya ta fara bayar da ita a Disambar 2024 a Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yi wa yaro, kuma kariyarta ba cikakkiya ba ce; ƙari ce a kan gidan sauro da maganin damina, ta fi amfani in an haɗa su.

Garuruwan da ba a iya zuwa

Duk waɗannan abubuwa halinsu ɗaya: sai wani ya taka ya kai su ƙofar gida, a kan lokaci, ya kuma sake komawa. Gidan sauro yana tsufa cikin shekara uku. Maganin damina kariyarsa ta kwana 28 ce. Allura sai an je sau huɗu. Atesunet sai yaro ya isa inda take.

A nan ne labarin Sabuwa ya rabu da na Masar. Shekaru da dama ke nan yankinmu na cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka addaba. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Sabuwa da Faskari da Dandume, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Ana lissafa waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace. Ba a lissafa waɗanda sauro ya ɗauka a sanadin haka.

Ka ɗauki dare ɗaya na watan Agusta. An ji harbi, gari ya watse, mata da yara sun kwana cikin gonar masara. Ba wanda ke gudu da gidan sauro, ba kuma inda za a rataya shi. Bayan kwana goma jikin yaro ya yi zafi. Ƙaramin asibitin ƙauyen a rufe, ma'aikacin ya koma gari don tsira da ransa, kuma ba mai ganin laifinsa. Mai kemis ya ba da abin da ke akwai. Jijjiga ta zo da tsakar dare, ba mai babur ɗin da zai fita kafin gari ya waye. Zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya shanye jini yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Haka ɗiyar wani ɗan uwana ta tafi, tana da shekara uku, a kan babur, tsakanin ƙauyensu da gari, da hantsi. Maganin da zai cece ta yana nan, kuɗinsa bai kai na buhun taki ba. A takarda, in ma an rubuta, zazzaɓi ne ya kashe ta.

Akwai ƙasar da ta nuna cewa rikici ba ya zama uzuri na har abada. Siri Lanka ta kai masu cutar 17 kacal a 1963, ta sassauta, cikin shekara shida suka haura rabin miliyan. Da ta sake ɗaura ɗamara, ta yi aikin ne tana tsakiyar yaƙin basasa, ma'aikatan zazzaɓi suna shiga har yankunan 'yan tawaye. Yaƙin ya ƙare a 2009, mutum na ƙarshe ya kamu a 2012, ta karɓi takardarta a 2016. Sauronsu bai kai namu ƙarfi ba, gaskiya ne. Amma sun riƙe ƙa'idar da ta dace da mu: a horar da mutanen cikin gari su riƙe gwaji da magani a hannunsu, yadda ko an tare hanya aikin ba zai tsaya ba.

Abin da ke tafe

Abokin gaba ma ba a zaune yake ba. Sauron Nijeriya ya saba da sinadarin tsofaffin gidajen sauro, shi ya sa aka koma ga sababbi masu sinadari biyu, waɗanda suka fi tsada. A Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya an tabbatar ƙwayar cutar ta fara jure wa atimisinin. Irin hanyar da klorokwin ya bi ke nan ya lalace. Wani sauron Asiya mai iya hayayyafa a tankunan ruwa na birane ya shigo ta Jibuti a 2012, an kuma gan shi a Gombe a 2020.

Sai kuɗi. A 2023 duniya ta kashe dala biliyan 4 a kan cutar, alhali abin da aka ƙiyasta ana bukata ya haura biliyan 8. A farkon 2025 Amurka, wadda ta fi kowa bayarwa, ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ta rushe hukumar da ke rabon. Mafi yawan gidajen sauro da magungunan da ke shiga ƙauyukanmu da kuɗin waje ake sayen su. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da aka rufe ƙofa da yunwa zai kwana. Garki da Siri Lanka sun riga sun nuna abin da ke biyo bayan sakin aiki a tsakiya, kuma yaran da aka kare shekara da shekaru ba su tara juriyar da iyayensu suka tara ba.

Masana sun rabu a kan ranar ƙarshe. A 2019 wani kwamiti na mujallar Lancet ya ce ana iya kawar da cutar daga duniya nan da 2050. A shekarar kuma kwamitin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ya ƙi sa rana, ya ce da kayan aikin da ake da su, ko an yi iya ƙoƙari, Afirka za ta kai 2050 da masu kamuwa kimanin miliyan 11 a shekara. Na fi karkata ga na biyun. Amma ban ɗauki abin a matsayin ƙaddarar da ba ta sauyawa ba, domin na ga kurkunu. A 1988 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu ita a Nijeriya. Da tace ruwa da sa ido ƙauye-ƙauye, da jajircewar irin su Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon, aka ga ta ƙarshe a 2008. Yaran yau ba su san ta ba. Agana ta tafi, shan inna na daji ya tafi. Sauro yana da fiffike, ya fi su wuya, amma mutanen da suka yi waɗancan ayyuka irin ƙanwata ne.

Masu karanta wannan wasiƙa da yawanmu muna birane, muna da likita a waya, zazzaɓi a wurinmu hutun kwana uku ne. Amma mu ne ke rubuta kasafin kuɗi, mu ne ke zama a kwamitoci, mu ake kira in za a yi gidauniyar gari. Akwai tambayoyin da suka kamata mu riƙa yi wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da kwamishina kafin kowace damina. Yara nawa ne a mazaɓar nan suka sha maganin damina zagaye huɗu cif, kuma waɗanne garuruwa aka tsallake? Asibitoci nawa ne ke da atesunet da jinin ƙari a watan Agusta? An biya masu rabon haƙƙinsu? In tallafin waje ya tsaya, wane layi ne a kasafin jiha zai sayi gidan sauro? Iyalan da suka yi gudun hijira suke kwana a azuzuwan makaranta a Faskari da Dandume da Funtuwa, wa ya kai musu nasu?

Takardar da Masar ta karɓa wataƙila jikokinmu ne za su gan ta. Amma rabin mace-macen bana ba sai an jira wani sabon bincike ba kafin a hana su. Ruwa zai sauka a watan Mayu, sauro zai biyo shi, rabon magani zai fara a Yuli. Lokacin yin waɗannan tambayoyi shi ne yanzu, tun ƙasa tana bushe.